Kamo Finland da Kafaɗa

Kwanakin baya, a wajen wani suna a Handsworth, wata unguwa a Birmingham, ina zaune ina shan shayi sai na ji ɗan ƙanwar matata yana ba abokansa labarin sana'ata. Wai aikin saka dish ba wani abu ba ne: ka hau tsani, ka ɗaure faranti a bango, ka sauko a ba ka lemo. Wani mai ɗan kunne ya ƙara da cewa yanzu ma wa ke buƙatarsa, tunda komai yana cikin waya. Ban tanka musu ba, don bakina cike yake da cincin. Amma maganar ta tsaya min a rai, kuma da yake yaran nan sun fi yarda da abin da suka karanta a kan abin da tsoho ya faɗa musu, na ce bari in rubuta.

Sunana Garba. In ka je Lozells ka ce kana neman Garba za a ce maka wanne, sai ka ce Garba Dish a nuna maka ƙofa. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina kafa wa mutane wannan faranti mai kamo tashoshin talabijin daga tauraron ɗan'adam, yawanci a Birmingham, wani lokaci har Manchester in aiki ya kira. Daga Zariya na zo da takardar shaidar aikin lantarki, ina ganin da na sauka za a ce min ga ofis. Gadi na fara samu a wani shago. A nan na haɗu da Mista Clive, wani dattijo ɗan Jamaika, wanda ya zo gyara musu eriya ya ga yadda na naɗe masa waya ba ta murɗe ba. Ya ce in na gaji da tsayuwa a bakin ƙofa in same shi ranar Litinin. A lokacin na haura talatin, ga mata ga ɗa, amma haka na koma ɗan koyo.

Aikin farko da muka je tare, gidan wasu 'yan Somaliya ne a wani layi bayan Lozells Road. Na ɗauka da zuwa zai nuna min sama, sai ga shi ya juya ni ina fuskantar bango. Ya ɗauki sifana yana ƙwanƙwasa bulo ɗaya bayan ɗaya, kunnensa manne da gini kamar mai zaɓen kankana a kasuwa. Gidajen nan masu jan bulo sun haura shekara ɗari, wani bulon in ka sa masa injin huda bango sai ya ruguje kamar ƙuli-ƙuli. Ya koya min yadda zan bambance ƙarar lafiyayyen bulo da ta ruɓaɓɓe, ya kuma hana ni huda tsakanin bulo biyu, inda kwaɓin yake, komai sauƙinsa. Ya ce dish lema ce a buɗe, iska tana son ta, kuma ranar da ta zo ɗaukarta har da bangon za ta tafi. Wata uku na yi ina ƙwanƙwasa bango ina ɗaukar tsani kafin ya bar ni na taɓa mita.

Ga abin da yaran nan ba su sani ba. Tauraron da kake nema ba ka ganin sa. Yana can ƙololuwar sama a tsaye wuri ɗaya, kuma ba shi kaɗai ba ne, jere suke kamar motoci a tasha, kowanne da tashoshin da ya ɗauko. Kamfas zai kai ka unguwar, amma mita ce za ta kai ka ƙofar gidan. Wata 'yar akwati ce da ake haɗawa tsakanin dish da waya, tana kuka kamar sauro. In ka matso kusa kukan ya ƙara siranta, in ka wuce ya faɗi. Wucewar kuwa ba ta da wuya. In dish ya karkace da kaurin farce ɗaya, tashar Makka ta tafi, sai ka ga wasu Turawa suna tallan tukunya. Ko ɗaure noti ma sai da dabara, don in ka ɗaure na dama tamau kafin na hagu, ka ja farantin da hannunka ba ka sani ba. Sauran kayan ba su da yawa: tsani, sifana mai lamba goma sha uku, 'yar wuƙar feƙe waya, da wata baƙar roba da ake naɗe mahaɗa da ita. Wanda ya yi rowar robar nan, ruwan saman wata ɗaya zai bi ta cikin waya har falon mutane.

Na tuna wata Hajiya, matar wani likitanmu, da ta tsare ni ranar jajiberin azumi. Ta fito da hijabinta ta tsaya a gindin tsani ta ce, "Malam Garba, in ba ka kamo min Harami yau ba, a nan za ka yi sahur." Na kamo mata, ta kuwa ba ni dambun nama cike da gwangwani. Akwai wani iyali 'yan Jos da suke son waƙoƙin coci na gida ranar Lahadi da yamma, maigidan yana tsaye a taga yana ce min, "Ɗan'uwa, kaɗan ya rage, na ga rabin fuskar fasto." 'Yan Pakistan wasan kurket suke nema, Larabawa labarai, matanmu finafinai. Na shiga gidaje da ban san iyakarsu ba, kuma ban taɓa cin karo da wanda ya kira ni don yana son ganin Ingila ba. Kowa garinsu yake so in sauko masa da shi.

Sai ga shekarun tsuke bakin aljihu. Aka rage ma'aikata, aka rufe wuraren taruwar jama'a, mutane suka fara duba abin da za su iya rayuwa ba tare da shi ba, kuma dish yana sahun gaba. A daidai lokacin ne kuma wasu 'yan akwatuna masu aiki da intanet suka fara shigowa. Mista Clive ya haɗa kayansa ya koma Jamaika, ya bar min tsaninsa. Akwai shekara ɗaya da wayata ta yi shiru har nakan kira ta da ta matata in ji ko tana aiki. A shekarar, dish ɗin da na sauke ya fi wanda na kafa yawa. Cikinsu har da wani ƙato, faɗinsa ya kai min ƙirji, da na sauko da shi daga rufin wani zauren al'umma da aka rufe a Lozells. Aka ce in kai shi bola. Na kasa, na kai shi gida na jingine a bayan kicin, matata tana yi masa kallon baƙon da ya ƙi tafiya.

A cikin wannan shekarar ne, wata Laraba a watan Fabrairu, wayar ta yi ƙara. Muryar dattijo ce, Hausarsa irin ta mutanen da, wadda ba ta gauraya sosai ba. Ya ce sunansa Alhaji Lawal, yana zaune a Rusholme a Manchester, ya yi ritaya daga koyar da lissafi a kwaleji.

Ya ce, "Malam Garba, an ce min in dai tasha tana sama za ka sauko da ita. Za ka iya kamo min Finland?"

An sa ni neman Sudan, an sa ni neman Bangladesh, amma ba a taɓa sa ni neman Finland ba. Na ce, "Yallaɓai, sai na bincika. Yaushe ake so?"

"Asabar ɗin nan, ƙarfe bakwai na yamma. In ya wuce, sai baɗi, kuma ban san ko muna da baɗin ba."

Ranar Alhamis na wuni ina tambayar 'yan sana'a. Na gano tauraron da ke ɗauke da tashoshin ƙasashen can na arewa. Haskensa ba mu aka nufa da shi ba, gefensa kawai ke taɓo Ingila, don haka ƙaramin faranti ba zai ji shi ba, sai babba. Na leƙa bayan kicin na ce wa matata baƙonta ya samu masauki. Da asubar Juma'a na cusa shi a mota na kama hanyar Manchester.

Gidan yana wani ɗan layi da ya ɓalle daga Wilmslow Road, daga falo kana jin wucewar bas. Alhaji Lawal dogo ne siriri, sanye da suwaita a kan jallabiya. Ya shigar da ni ya ce in gaisa da uwargida. Tana zaune a kujera kusa da taga, Baturiya ce fara tas, gashinta ya yi fari, an lulluɓe mata ƙafafu da zanen atamfa. Na rusuna na ce, "Anti, ina wuni?" Ta dube ni da idanu masu haske, ta mayar da su kan labule. Ba ta ce komai ba.

A kicin ya ba ni labarin, yana haɗa min shayi. Sunanta Marja. Ta zo Manchester aikin jinya tana budurwa, suka haɗu, suka yi aure, ya tafi da ita Kaduna suka yi shekara goma sha biyu. A can ta koyi Hausa har tana ciniki da masu tumatir su rasa ta cewa. Yanzu ciwon mantuwa ya kama ta. Hausar ce ta fara tafiya, sai Turancin ya bi ta, ya rage sai yaren da uwarta ta yi mata magana da shi. Shi ma a 'yan watannin nan ta daina magana da shi, tun da aka rufe wurin da ake kai ta wuni sau uku a mako.

Ya ce, "Likita ya ce haka abin yake, it goes backwards, baya-baya yake tafiya, na farko shi ne na ƙarshe. To ka ga laifina ne. Ita ta zo wurina da yare biyu, ni ban je wurinta da ko ɗaya ba. Yanzu in na shigo kallona take yi kamar mai kawo wasiƙa."

Na ce, "Allah ya ba ta lafiya, Yallaɓai. To Asabar ɗin fa?"

Sai ya yi min bayani. Kowace shekara cikin hunturu, gidan talabijin ɗin ƙasarsu yana shirya gasar waƙa. Mawaƙa su fito ɗaya bayan ɗaya, mutanen ƙasa su zaɓi waƙa guda, ita za a tura ta wakilce su a babbar gasar ƙasashen Turai. Tun tana yarinya ba ta bari ya wuce ta. Ko a Kaduna, ƙanwarta takan naɗo mata a kaset ta aiko ta gidan waya, ya iso bayan wata biyu, ta rufe ƙofa ta saurara kamar yau ake yi. Ɗansu da ke Leeds ya gwada kamo shirin ta kwamfuta, aka ce ba a kallonsa daga wajen ƙasar. Shi ne ƙanwar ta aiko da katin da ake sa wa a dikoda, ga shi nan cikin ambulan a kan firij.

Ya ce, "Ba warkewa nake nema mata ba, na san wannan ba na mutum ba ne. So nake ta ɗago kai ta gan ni sau ɗaya, ta san wanda ke zaune kusa da ita."

Tausayinsa ya kama ni sosai. Na ajiye kofin na ce bari in ga bango.

Na bi bangon baya da sifana, bulo bayan bulo, kuma duk amsa ɗaya suka ba ni, irin ƙarar tulun da ya tsage. Ko ƙaramin faranti ba zan yarda in rataya a nan ba, balle wannan ƙato. Alhaji ya ce ko a gwada, in ya so a sauke ranar Lahadi. Na ce a'a, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, a ƙasa zan kafa shi. Na ɗauki kamfas na zagaye ɗan filin da ke baya, wanda bai fi ɗaki ɗaya girma ba. Gidajen maƙwabta sun tare ko'ina. Wuri ɗaya tak na samu, kusa da katanga, inda in ka duƙa za ka hango sarari tsakanin bututun hayaƙin wani gida da wata bishiya da ta zubar da ganye. Ta wannan 'yar kafa Finland za ta shigo, ko kuwa ba za ta shigo ba.

Na haƙa rami har gwiwa, na sayo siminti da yashi da tsakuwa, na kwaɓa, na kafa turken ƙarfe, na tokare shi da katako ta ɓangare uku. A nan na tafka kuskuren, kuma ina so yaran su ji shi da kyau. Duk shekarun da na yi a ƙasar nan a bango nake aiki, ban taɓa kwaɓa siminti a Ingila ba. Rabona da shebur tun ginin katangar gidanmu a Zariya, inda in ka zuba kwaɓi da la'asar, gobe da hantsi akuya ta hau ba za ta bar sawu ba. Da wannan lissafin na yi aiki. Ban tsaya na tuna cewa a can rana ce ke yi mana rabin aikin ba, a nan kuwa watan Fabrairu ne, ruwan da aka bari a bokiti ƙanƙara yake kwana.

Kafin magariba na ɗora farantin a hankali, na haɗa mita, na dinga juyawa kamar mai zare ƙaya. Sauro ya yi kuka ya faɗi, ya yi kuka ya faɗi, can ya tsaya a kan siririyar murya. Muka sa kati. Sai ga wani mutum da taye yana karanta labarai, bayansa dusar ƙanƙara. Alhaji ya dafa bango ya ce, "Shi ne. Yarensu ne." Ya juyo da kujerar Anti. Ta kalli mutumin na ɗan lokaci, ta mayar da idonta kan labule. Na ga yadda fuskar Alhaji ta faɗi, amma ya daure ya ce labarai ba su taɓa damunta ba ko da tana lafiya, waƙar ce abin. Na tafi na kwana wurin wani ɗan garinmu.

Ranar Asabar da la'asar na dawo don in ƙara ɗaure notuna. Na danna simintin da yatsa, yatsan ya shige kamar a tuwon da bai nuna ba. Daga baya ne na ji cewa akwai wani kwaɓi da ake sayarwa don irin wannan aiki, mai kamawa kafin ka sha shayi, kuma kowane mai kafa shinge a ƙasar nan ya san shi. Ni ran nan ban sani ba. Na duba sama na ga shiru, ko reshe ba ya motsi, na ce katakon zai riƙe. Ban gaya wa Alhaji ba, don yana can yana taje wa Anti gashi, ya sa mata wata rigar saƙa mai shuɗi da ya ce ita take sawa in za a yi baƙi.

Ƙarfe shida da rabi iska ta taso. Mutanen Manchester sun san irin ta, ba ta sallama. Ina tsaye a kicin na ji katako ɗaya ya faɗi, na leƙa falo na ga hoton ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai, sannan ya yi baƙi. Na fita a guje. Turken ya juya a cikin kwaɓin kamar muciya. Na mayar da katakon, iska ta sake ture shi. Na jibga bulo, na sa bokiti, duk a banza, don abin da ake nema bai wuce kaurin farce ba, kuma bulo bai san farce ba. Alhaji ya leƙo ta taga, ya duba agogon hannunsa.

Na ce, "Yallaɓai, kuskurena ne, simintin bai kama ba. Ka koma ciki. Ka bar tagar a ɗan buɗe, in hoto ya tafi ka yi min magana."

"Me za ka yi?"

"Zan riƙe shi."

"Awa biyu ne fa, Malam Garba. In this weather, cikin wannan iska?"

Na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ya je kada a fara ba shi.

Na jingina bayana da katanga, na sa kafaɗar dama a ƙarƙashin bakin farantin, hannun hagu ya rungume turke, ƙafa ɗaya ta tokare shi daga ƙasa. Mitar na rataya ta a wuya da igiyar takalmi, kusa da kunne. Na dinga matsawa kaɗan-kaɗan har sauro ya koma kan siririyar muryarsa. Daga ciki na ji Alhaji ya ce, "Ya dawo!" Bayan ɗan lokaci sai ga kiɗa da tafi.

Yaran da ke cewa aikin nan sauƙi ne da shi, ina so wata rana su riƙe faranti mai faɗin ƙirji a cikin iska, su hana shi motsi. Ba ƙarfi kaɗai ba ne. In iska ta turo ka tura daidai gwargwadonta, in ta saki ka saki tare da ita, don in ka ci gaba da turawa kai ne za ka kawar da shi. Ko numfashi sai na dinga yi a hankali. Yayyafi ya fara, yana bi ta wuyan riga. Ƙamshin gasasshen nama yana tasowa daga gidajen abincin Wilmslow Road, ni kuwa rabona da abinci tun rana. Kunya ta fi sanyin damuna a farko, amma ba a jima ba sanyin ya karɓe ragama.

Ta 'yar kafar taga na ji gasar, ban gan ta ba. Waƙar farko mace ce, a hankali, kamar mai rarrashin yaro. Ta biyu wasu maza ne suke ruri, ganguna kamar ana sauke kwanon rufi daga mota. Akwai wata da na rantse da a gidan biki a Zariya aka sa ta, mata za su tashi. Tsakanin kowace waƙa mutum biyu su yi ta zuba da wannan yare nasu mai dogayen kalmomi, jama'a su yi dariya. Sau uku ko huɗu a farkon Alhaji ya ɗaga murya, "Ya tafi!" in gyara, ya ce, "Ya dawo!" Daga wajen waƙa ta huɗu ban sake jin sa ba.

Shirun nan ya fi komai damuna. Na san akwai lokacin da iska ta fi ƙarfina, na ji kukan mita ya faɗi, amma ba wanda ya yi magana. Na ce a raina ko dai ta yi barci, ko ta juya ga labulenta, shi kuma ya haƙura yana jin nauyin ya ce min in bari. Na yi tunanin in saki in leƙa. Amma in na saki, kuma ashe tana kallo fa? Na ci gaba da riƙewa. Kafaɗar ta daina ciwo, ta koma kamar ba tawa ba. Can wajen ƙarshe, lokacin da aka daina waƙa ana ta surutu da kiɗan jiran sakamako, na ji wata murya ta mace, sama-sama, da sauri, ba ta tsayawa. Na ɗauka cikin talabijin ne. Daga baya aka yi wata babbar shewa, aka sake maimaita ɗaya daga cikin waƙoƙin, sannan kiɗan ya mutu.

Ƙofar kicin ta buɗe. Alhaji ya fito da silifas cikin yayyafi, da kofin shayi a hannu. Ya ce, "Saki, Malam Garba, an gama." Na so in saki, hannun ya ƙi buɗewa, sai da ya ajiye kofin a kan katanga ya ɓamɓare min yatsu ɗaya bayan ɗaya. Farantin ya sunkuyar da kai. Na miƙa hannu in karɓi shayin, yatsun suka kasa riƙewa, shi ya kai min kofin baki, dattijon da ya girme ni da shekara ashirin. A hasken taga na ga fuskarsa jiƙe take, kuma dariya yake yi.

Na ce, "Yallaɓai, ta kalla?"

Ya ce, "Kalla? Faɗa ta yi min! Wallahi faɗa ta yi min, Garba."

Ya ce tun waƙa ta biyu ta gyara zama. A ta huɗu ta fara buga hannun kujera da yatsa. Da aka zo nuna mawaƙan a jere don a zaɓa, shi kuma don ya ce wani abu kawai, ya nuna mai waƙar farko ya ce da Hausa, wannan ce za ta ci. Sai ta juyo gaba ɗaya, ta dube shi ido cikin ido, ta ɗaka masa duka a gwiwa. Daga nan ta buɗe baki. Tana nuna talabijin, tana nuna shi, tana girgiza kai, tana lissafa masa dalilai da yatsu.

Ya ce, "Shekara biyu ba ta yi min musu ba. Ka san mutum ba ya yi wa baƙo irin wannan faɗan. Ban gane komai a ciki ba sai abu ɗaya. Lawal, Lawal, Lawal. Sau uku, na ƙirga."

Na ce Alhamdu lillahi, ya ce Alhamdu lillahi. Muka tsaya a wurin, ruwa yana sauka a kanmu, takalmina ya nutse a cikin simintin da na kwaɓa da hannuna. Daga falo muryarta tana fitowa har lokacin, ta ɗan yi ƙasa, kamar mai ƙarasa mita bayan an bar mata ɗaki.

Na ce, "To wa ya ci, Yallaɓai? Wace waƙa za su tura?"

Ya share fuska da hannun suwaita.

"Wallahi ban sani ba," ya ce. "Ni ita nake kallo."